Rile Na Huɗu

Habu ya bar ƙanena Laminu ya mutu a sahara, sannan ya zo Sabha ya dubi tsabar idona ya ce min yaron ya wuce Tarabulus lafiya lau. Wannan shi ne abin da aka yi min, na faɗe shi tun farko don kada wani ya gyara zama yana jiran tatsuniya. Kuma da ya yi min wannan ƙarya bai guje ni ba, a'a, kullum kafin azahar sai ya zo shagona ya wanke hannu mu ci abinci kwano ɗaya, yana ce min Yaya, ni kuma ina tura masa nama gabansa. Lakwal ɗin ma, wato makarantar boko, ban gama ba, wanda ya ga rubutuna a karkace ya yi haƙuri, amma na rantse da wanda raina ke hannunsa abin da zan faɗa ya faru da ni, a unguwar Gurda ta nan Sabha, shekarun baya, da rana tsaka, kuma ba ni kaɗai na ji ba.

Ni mutumin ƙasar Damagaram ne, gyaran rediyo da ampili, na'urar ƙara ƙarfin murya, nake yi a wani ɗan shago da ke manne da garejin wani Bakano mai suna Bala. Habu ɗan garinmu ne, ƙofar gidansu na kallon tamu, tare suka yi wasan ƙasa da Laminu. A lokacin yana tuƙa mota ƙirar Hilus yana ɗauko mutane daga Agadas zuwa nan. Da Laminu ya ce zai zo ya yi aikin gini, duk gida aka ce to alhamdu lillahi, ga na gida a hanya, ya bi Habu.

Habu ya iso shi kaɗai, ya rame, leɓensa duk ya tsage. Na ce ina Laminu? Ya ce, "Yaya, a Gatrun ya haɗu da wasu 'yan Maraɗi masu wucewa Tarabulus, suka zuga shi wai aikin can ya fi. Ya ce in ya sayi layi zai kira ka." Na ce yaron nan ya ratsa Sabha bai tsaya ya gaishe ni ba? Ya ce ai motarsu ba ta shigo gari ba, ta zagaye saboda bawaba, wato shingen masu bindiga. Na ji haushin Laminu, wallahi har zaginsa na yi, kuma Habu na zaune yana ba ni haƙuri.

Kira bai zo ba. Duk wanda ya sauko daga Tarabulus sai na tare shi da hoton Laminu a salula, wato wayar hannu, wani ya ce kamar ya gan shi a wajen masu jiran aiki, wani ya ce a duba gidajen yari, wani ya ce ƙila ya hau ruwa. Inna kuwa duk Juma'a sai ta sa a kira ni, tambayarta ɗaya ce, "Ka ji ɗan'uwanka?" Ga matarsa Rakiya da jaririya a hannu, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba, iyayenta sun fara magana, Inna ta ce ba wanda zai raba auren ɗanta yana raye. Haka muka shiga shekara ta biyu. Habu kuma ya bar hanya, ya koma jigilar dabino daga garin Guduwa, ya ce ya gaji da sahara. Ban kawo komai a raina ba, wa bai gaji da ita ba?

To bayan gyara ina da wani ampili da na haɗa da hannuna, da bafil, wato lasifika, biyu manya, su nake kaiwa in 'yan ƙasarmu na suna ko walima a unguwar Tayuri. Matsalarsa, bakin soka waya guda ɗaya tak gare shi. In liman ya gama addu'a da makirufo ana so a sa waƙa daga salula, sai na zare wannan waya na cusa waccan, bafil ya yi wani bum kamar an saki harsashi, kuma a garin nan wannan ƙara ba abin wasa ba ce, na taɓa ganin mata sun watse da farantan shinkafa a hannu saboda ita. Sai na ce zan haɗa ɗan akwatin zaɓen murya, rediyo da salula da makirufo duk a soke, ka murɗa maɓalli ɗaya ya ba ka wanda kake so.

Wanda bai san aikin ba zai ce me zai hana ka kai wayoyin murya kan maɓallin kai tsaye. In ka yi haka sun yi tsawo, sai su kwaso gurnanin kuran, wato wutar lantarki, su zuba maka a bafil. Shi ya sa ake sa rile. Rile ɗan abu ne bai kai akwatin ashana ba, cikinsa akwai naɗin waya da ɗan harshen ƙarfe, in ka ba naɗin wuta ya ja harshen ya haɗa hanya, ka ji ƙas, in ka ɗauke wuta ya saki. Sai ka dasa kowane rile a gindin bakin da murya ke shigowa, shi kuma maɓallin gaba aikinsa kawai ya aika wutar batir ga rile ɗaya, sauran suna kwance. Kowane naɗi ka gicciya masa diyod, ɗan abin da ke tare wuta kada ta dawo baya, in ba haka ba sa'ad da zai saki sai ka ji tas a bafil. Ampilina hanya ɗaya ce, ba ruwansa da hagu da dama, don haka rile mai harshe ɗaya ya ishe ni.

Ƙananan rile na aikin murya ba a samunsu a nan sai an aika Tarabulus. Ina wannan ƙorafi muna cin abinci sai Habu ya ce, "Yaya, na mota ba zai yi ba? Ina da tarkace cike da leda tun ina hanya." Na ce harshensu kauri gare shi amma in an goge zai yi. Washegari ya kawo ledar, fis-fis ne na wutar mota da guntayen waya da rile barkatai. Na zaɓi uku baƙaƙe iri ɗaya, sai na ce bari in ƙara na huɗu ko wata rana na samu wani abin sokawa. Na huɗun ruwan toka ne, gefensa da ƙarzuwa kamar an ɓanɓare shi da sukundireba cikin sauri. Na buɗe su duka na goge harsunan da takarda, na jera a kan farantin haɗa wayoyi na liƙe da dalma. Bakin na huɗu tunda ba abin da zan soka masa sai na ɗaure shi da mas, wato jikin ƙarfen akwatin, don kada ya kwaso gurnani. Ku riƙe wannan, bakin da aka ɗaure da mas kurma ne, ba abin da zai bi ta cikinsa ko da ƙarar sauro.

Akwati ya yi kyau. Ƙas rediyo, ƙas salula, ƙas makirufo, babu bum babu tas. Na bar shi a kan teburi ina jin rediyo da shi ina aiki.

Ran nan an idar da azahar, rana ta take, titi ba kowa, ina sauraren labarai sai na ji ƙas, alhali hannuna na kan wata talabijin. Rediyo ya ɗauke. Wannan bai ba ni mamaki ba, in na huɗu ya haɗu dole ya kashe murya tunda a mas yake, abin da ya kamata in ji shi ne shiru. Amma ba shiru na ji ba. Iska na ji, irin wadda ke kaɗawa a fili inda babu bango babu itace, sannan ƙarar makulli, sannan mota ana yi mata ki, gir-gir-gir-gir, ta ƙi tashi. A dakata, a sake. Can ƙasa-ƙasa kamar mutane da yawa suna magana. Ya ɗan jima haka, sai ƙas, mai labarai ya dawo yana maganarsa.

Na leƙa garejin Bala na ce wace mota kuke fama da ita? Na same shi kwance ƙarƙashin inuwa da hula a fuska, ba mota ko ɗaya a buɗe. Na dawo na ce to maɓallin ne ke taɓa ƙafa biyu, kuma wayar ta kwaso oba-obar wasu. Na canza maɓalli. Washegari bayan azahar, ƙas. Na canza diyod, na sake narka dalmar mas na tabbatar ta kama. Washegari, ƙas. Raina ya ɓaci, na ɗauki almakashi na datse wayoyin naɗin na huɗu duka biyun, na lanƙwashe su gefe. Yanzu ko aljani ne injiniya ba ta inda wuta za ta shiga wannan rile.

Jama'a, washegari ina zaune na zuba masa ido, murfinsa a buɗe, da idona na ga harshen ƙarfen nan ya sunkuya shi kaɗai ya haɗu. Ƙas. Kuma na lura da wani abu, gurnanin motar ya fi na ranar farko nauyi, kamar batir ya fara gajiya, muryoyin kuma sun matso kusa. Akwai wata mata tana ta maimaita magana ɗaya da wani yare da ban sani ba.

Na je na taso Bala na ce zo ka ji wani abu, don in hauka nake yi a gaya min. Ya shigo yana miƙa, ya kira ni yadda ake kiran mai sana'a a nan, yana cewa, "Usta, kai da kayan tsiyarka, mutum ba zai runtsa ba?" Ya tsaya ya kasa kunne, sai wasa ya bar fuskarsa. Ya ce, "Wannan motar ƙalau take. Sitata na juyawa, mai ne ba ya zuwa." Ya sunkuya ya dubi cikin akwatin, ya nuna na huɗu da ɗan yatsa bai taɓa ba. "Ina ka samo wannan? Ai rilen famfon mai ne na Hilus." Na ce to sai me? Ya ce, "Ba ka san abin da direbobin hanya ke yi ba? In za su bar mota da fasinja a daji, shi suke zarewa su jefa aljihu don kada a gudu da ita. Makullin ma sai su bar shi a jiki, hankalin mutane ya kwanta."

Bai rufe baki ba sai wata murya ta fito daga bafil, kusa sosai kamar mai ita na zaune a kujerar gaba. Laminu tun yana yaro muryarsa a shaƙe take, ko cikin kasuwa ya yi magana zan ware ta. Ya ce, "Ku bari haka nan, za ku kashe batir. Habu zai dawo, ɗan garinmu ne."

Ban san sa'ad da na zauna a ƙasa ba. Bala ya ja da baya yana salati har ya yi karo da ƙofa, ya ce, "Wane Habun? Naka mai zuwa cin abinci?" Daga ranar Bala bai ƙara taka cikin shagona ba, in zai yi min magana daga waje yake tsayawa.

Wani zai ce me ya sa ban farfasa akwatin ba. Ku gaya min, wanda ya yi shekara yana neman muryar ƙanensa, ya same ta, zai sa guduma? Kullum in an idar da azahar sai na rufe ƙofa na zauna gaban bafil. Habu kuma yana zuwa kafin azahar kamar yadda ya saba, ya ci ya tafi, ina kallon hannunsa a cikin kwano, ban ce masa komai ba don ina so in ji ƙarshe. Kowace rana batir na ƙara mutuwa, muryoyi na raguwa. Matar nan ta yi shiru. Na ji ana buga bidon ɗin ruwa, wato jarka, ana jin ba komai ciki. Wata rana na ji Laminu, muryar ta bushe har da ƙyar take fita, ya ce, "Da Yaya na nan da ya tada ta." Kuma gaskiya ya faɗa, abin da ke ƙona ni ke nan har gobe. Guntun waya kamar ɗan yatsa, ka soka a ramuka biyu inda aka zare rilen, famfo ya tashi, mota ta kama. Tanki da mai, taya da iska, makulli a jiki, mutane suka mutu a inuwarta saboda ba mai wannan sani a cikinsu. Laminu manomi ne, ina zai sani?

Daga baya ko gurnani babu, sai kat, kat, in an murɗa makulli. Sannan ranar da ba a murɗa ba sam, iska kawai. Na yi kuka na yi masa addu'a, na ce to ya ƙare, Allah ya nuna min abin da zai nuna min. Washegari bayan azahar, ƙas. Batir cike, gir-gir-gir da ƙarfinsa, mutane da yawa suna magana, matar nan ta dawo. Abin ya koma farko.

A ranar na san ba zan iya ci gaba da ji ni kaɗai ba. Da Habu ya zo washegari muka ci, ya miƙe zai tafi na ce zauna mu yi salla tare. Muka yi a cikin shago, na tashi na sa sakata. Ya ce, "Yaya lafiya?" Na ce akwatin da ka ba ni kayansa nake so ka ji. Ya yi dariya ya ce, "Kai Yaya, sai ka kulle ni don in yaba maka aiki?" Sai ƙas.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu yana tsaye ba sai ranar. Tun kafin a yi magana, daga jin iskar da gurnanin, ya gane motarsa. Ya dafa bango ya sulale. Na ce fara magana.

Abin da ya faɗa a rarrabe ya fito, ina haɗawa. Motoci biyu ne, suka bar babbar hanya don kauce wa masu sintiri, suka ɓata. Shi da ɗaya direban suka sauke mutanen ɗaya motar, suka tara su duka wajen tasa, suka ce za su je da ɗaya motar su gano hanya su dawo. Ya zare rile kamar yadda kowa ke yi. Laminu ma ya ce zai bi shi, ya ce a'a zauna ka kwantar musu da hankali, sun ga kai nawa ne. Suka gano hanya, sai suka hango ƙurar motoci, suka tsorata suka yi ta gudu har Gatrun. Can ya sa hannu a aljihu ya ji rilen. Ya ce gobe zan koma, gobe ta yi ya ji ana kama direbobi, ya ce jibi, daga nan kuma ya san ko ya koma gawa zai tarar, kuma za a tambaye shi. Na ce shi ne ka kawo min shi a leda? Ya ce, "Wallahi Yaya, tallahi, a Gatrun na jefa shi cikin rami. Ban san yadda ya shiga ledar nan ba." Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, ban sani ba har yau, mutumin da ya yi waccan ƙaryar wace ce za ta gagare shi? Amma yadda yake kallon akwatin nan, ba kallon abin da ya san yana nan yake yi ba.

Akwai wuƙa a kan teburi, akwai kuma mutanen da in na kai musu shi ba za a ƙara jin labarinsa ba, duka biyun sun zo min a rai, ba zan ɓoye ba. Amma Inna ba gawar Habu take jira ba. Na kira gida na ce a kai mata salula, na danƙa masa a hannu na ce gaya mata da bakinka. Ya gaya mata. Ina jin muryarta ƙarama daga nesa, ta yi salati, sannan ta ce, "Habu, kai da na goya?" A makon aka yi sadaka, Rakiya ta shiga takaba. Habu kuwa tun da ya fita daga shagona ban ƙara ganinsa ba, wasu sun ce ya yi arewa, wasu sun ce an ga ya nufi Gatrun. Akwatin yana nan yana aiki da rile uku, bai ƙara yin abin da ba a sa shi ba. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce aljanun sahara ne ke kwaikwayon abin da suka gani, ɗaya ya ce in yi shiru in yawaita sadaka. Ni dai ban san mene ne ba, kuma har yau in aka idar da azahar gari ya yi tsit, ko firji ne ya yi ƙas sai na waiga na dubi akwatin.

Ku masu ɗan'uwa a hanya, in direba ya ce muku ya wuce gaba, kada ku karɓa don na gida ne, ku tsare shi sai kun ji murya. Ku masu shirin tahowa, ni ban ce ku zo ba, amma in kun ƙi ji, ku je wajen mai gyaran wutar mota ya nuna muku inda rilen famfo yake da yadda ake haɗa shi da guntun waya, ku sa wayar a aljihu kusa da kuɗin guzuri. In direba ya ce zai je ya dawo, ku sa ya tada motar a gabanku kafin ya tafi. Ku kuma abokan sana'ata, kayan da aka ciro daga motar hanya, ku tambayi inda ya fito kafin ku sa masa dalma.

Kafin in zare sakata ranar da na kulle Habu a shago, na jona ƙarfen liƙi na narke ƙafafun na huɗu na ciro shi. Habu na durƙushe yana cewa, "Yaya ka yafe min, don Allah ka yafe min." Na kamo hannunsa na buɗe, na sa masa rilen da zafinsa, na rufe yatsunsa a kai na matse har ya yi ƙara. Na ce, "Ni ba yayanka ba ne, kada ka ƙara kirana haka. Yafiya kuma ba a wajena take ba, ni abincina kawai ka ci. Masu ita suna can inda ka ajiye su, ka ji su da kunnenka, har yanzu murɗa makulli suke yi, kuma yaron nan yana ce musu za ka dawo. Tashi ka kai musu abinsu."